Ruwan Soda a Gorar Ruwan Sha: Amsa Ga Wata Mai Sana'ar Sabulu

Wasiƙar wannan makon daga Kano ta zo, daga wata baiwar Allah da ta roƙi a sakaya sunanta. Na taƙaita ta, amma ban taɓa maganarta ba.

"Assalamu alaikum Anti. Ni matar aure ce, 'ya'yana biyu. Wata takwas ke nan da na koyi haɗa sabulun ruwa da man shafawa, ina sayarwa a unguwa da gidajen biki. Kwana tara da suka wuce na jiƙa soda, da ta huce na juye a gorar ruwan sha na ajiye bayan ƙofar kicin don ta kwana, kamar yadda aka koya mana. Ƙaramin ɗana mai shekara uku ya ɗauka ya kai baki, Allah ya sa ina kusa na fizge. Leɓensa ya kumbura, ya yi ta kuka. Surukata ta ɗura masa manja da madara, ya yi amai sau biyu. Yanzu bakin ya warke, sai dai ba ya son tuwo, kunu kawai yake sha. Maigida ya kafe ba zan sake wannan sana'a a gidansa ba. Ga kuɗin adashi da na ɗauka na sayi kaya, ga man da na haɗa ya tsinke, ruwa a ƙasa mai a sama, masu saye suna dawo min da shi. Wasu kuma sun ce sai na sa musu abin da zai ƙara haske. Anti, na rasa inda zan sa kaina. Yaya zan shawo kan maigida?"

Wa'alaikumus salam ƙanwata. Sannu da wannan tashin hankali. Allah ya ba yaro lafiya, ya kiyaye gaba.

Kin tambaye ni yadda za ki shawo kan maigida, amma ki yi haƙuri, ba da shi zan fara ba. Magana ɗaya a wasiƙarki ta hana ni sukuni tun da na karanta: yaron ba ya son tuwo, sai kunu.

Ki kai shi asibiti yau. Ba kemis ba, ba wajen mai allura na unguwa ba, babban asibiti inda akwai likitocin yara. Tunda kina Kano, ga Asibitin Malam Aminu Kano, ga Asibitin Murtala. Ki tafi da ragowar sodar a cikin abin da aka sayar miki da ita, ki faɗa wa likita ranar da abin ya faru, da yawan sodar da kika zuba a ruwa nawa, da maganar manjan, da aman da ya yi. Kada ki rage komai don kunya ko don tsoron faɗa.

Ga dalilina. Sodar haɗa sabulu, wadda ake kira kostik soda, ba ta ƙuna irin ta ruwan zafi. Narkar da nama take yi, tana ratsawa ciki. Kin san santsin nan da kike ji a yatsunki idan ruwan soda ya taɓa su? Fatarki ce ta fara narkewa, maiƙon jikinki ne ya fara zama sabulu, daidai yadda soda ke yi wa man ja a cikin bokiti. To abin da ta yi wa leɓensa, tana iya yi wa hanyar abincinsa, can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Baki yana warkewa da wuri, shi ya sa ake sakankancewa. Hanyar abinci kuwa idan ta ƙone, wajen warkewa tabo take yi, tabon kuma yana tsukewa sannu a hankali, yawanci daga mako na uku zuwa gaba. Yaro ya fara ƙin tuwo da nama, ya koma shinkafa mai laushi, ya koma kunu, wata rana ruwa ma ya gagara. Ba ina cewa ɗanki ya kai nan ba. Yana yiwuwa zafin ciwon ne kawai ya sa shi tsoron loma. Amma ni da ke ba mu da idon da zai gane wannan, kuma idan tsukewar ce, gano ta da wuri shi ke sa a buɗa hanyar cikin sauƙi.

Na shafe shekaru ina koyar da kemistiri a makarantar 'yan mata, kuma a unguwar da na taɓa zama na ga yarinyar da ta kurɓi irin wannan ruwa daga kofi. Ita ma manja aka ba ta, ita ma bakinta ya warke, kowa ya yi hamdala. Bayan wata biyu ta koma kamar tsinke. Na je duba ta na tarar da uwarta tana zuba mata kunu ta wani siririn tiyo da aka huda mata a ciki, yarinyar na bin kwanon tuwon yayyenta da ido. Har yau idan na ga ruwan soda a buɗe, fuskar yarinyar nan nake gani.

Game da manjan, kada ki riƙe Hajiya surukarki a zuciya. Abin da ta gada ta yi, kuma ƙauna ce ta sa ta. Sai dai kuskure ne babba wanda ya zama ruwan dare a gidajenmu. Manja ba ya kashe kaifin soda, kuma yana jawo amai, amai kuwa yana nufin sodar ta sake bi ta hanyar da ta ƙona, ƙuna biyu ke nan. Ga shi man yana iya sarƙe yaro ya faɗa huhu. Haka nan ba a ba da lemon tsami ko ruwan tsamiya wai don su karya ta, haɗuwarsu zafi take ƙarawa a kan ciwon. Abin yi shi ne a wanke baki da fuska da ruwa mai yawa, kada a sa yatsa a maƙogwaro, a nufi asibiti nan take. Idan a ido ta fantsama, a buɗe idon a yi ta kwarara ruwa aƙalla minti 20 kafin a kama hanya. Ki tafi da Hajiya asibitin in za ta yarda, ta ji daga bakin likita. Ya fi sauƙi a kanta, ya fi sauƙi a kanki.

Yanzu bari in koya miki abin da ya kamata a ce an fara koya muku kafin a miƙa muku ludayi da bokiti. Abin yana min ciwo yadda ake tara mata kwana biyu ko uku, a karanto musu sunayen sinadarai kamar lissafin cefane, a raba takardar shaida, ba wanda ya gaya musu mene ne suke riƙe da shi.

Duk abin da kike haɗawa, da ma duk haɗin da ke kicin ɗinki, ɗaya ne daga iri uku.

Na farko shi ne narkakken haɗi. Ki zuba gishiri ko sukari a ruwa ki juya, ya ɓace. Bai tafi ko'ina ba, ya wargaje ne zuwa ƙwayoyin da ba su kai nanomita 1 ba, nanomita kuwa kashi ɗaya ne idan aka raba milimita gida miliyan. Ko shekara ya yi a rufe ba zai kwanta ba, ko da rariya mai laushin tsiya kika tace ba za ki kama komai ba. Ruwan kanwa da aka tace, ruwan gishiri da sukari da ake ba mai gudawa, ruwan da ake ƙara wa majinyaci a asibiti, ruwan batir, bilic na wanki, duk 'yan gida ɗaya ne. Sodar da kika jiƙa ma a nan take.

Na biyu shi ne haɗi mai kwanciya. Ki dama gasara da ruwan sanyi ki bar ta, ki dawo ki tarar ta kwanta a ƙasa, ruwa ya taso garau a sama. Ƙwayoyinta manya ne, nauyi yana rinjayarsu. Maganin yara da ake cewa a girgiza kafin a ba da shi irin wannan ne, kuma wanda bai girgiza ba, farkon kwalba ruwa ya ba yaro, ƙarshenta kuma ya ba shi fiye da kima. Idan likita ya ce a yi wa ɗanki hoton hanyar abinci, za ki ga an ba shi wani farin ruwa mai kauri ya sha. Shi ma haɗi mai kwanciya ne, na wani sinadari da ake kira bariyom salfet, kuma rashin narkewarsa ne ya sa ba ya cutarwa: yana bi ya wuce, jiki bai tsotse shi ba. Kada ki tsorata da shi.

Na uku yana tsakiya, shi ne turawa ke kira koloyid. Wani masani ɗan Sikotilan, Thomas Graham, shi ya raɗa masa sunan a 1861, daga kalmar Girkanci mai nufin abin liƙi, irin ƙaro ko danƙo. Ƙwayoyinsa tsakanin nanomita 1 ne zuwa 1000: sun yi girman da ba za a ce sun narke ba, sun yi ƙanƙantar da ba sa kwanciya da sauri. Madara koloyid ce, ɗigo-ɗigon maiƙo ne ke yawo a ruwa. Gasarar nan da ta kwanta, da zarar kin sheƙa mata tafasasshen ruwa ta kumbura ta zama koko, ta tashi daga iri na biyu ta koma na uku. Yauƙin kuɓewa da karkashi, kindirmo, kumfar sabulu, hayaƙin murhu, hazon hunturu, duk koloyid ne.

Wanda na fi son nuna wa ɗalibaina shi ne tawadar allo. Baƙin da ake samu daga gawayi ko kunkunniyar tukunya ba ya narkewa a ruwa. In ruwa kaɗai aka zuba masa, kwanciya zai yi a gindin kurtu. Amma malamai tun kaka da kakanni sun san a sa ƙaro. Ƙaron yana lulluɓe kowace ƙwayar baƙi ya hana ta manne wa 'yar uwarta, sai tawada ta tsaya, ta bi alƙalami sumul, ta kama allo. Ƙaron nan da ake tsinka a jikin dakwara a Yobe da Barno da Jigawa, da Chadi da Sudan wadda ta fi kowace ƙasa fitar da shi, shi ne manyan kamfanonin lemon kwalba na duniya ke saye don ya riƙe musu man ƙamshi a cikin ruwa. Ilimin da ya gagare ki a man shafawa, yana nan a zauren makarantar allo ta layinku.

Wata rana da dare, bayan kun dawo daga asibiti, in yara sun kwanta, ki gwada wani abu. Ki samu kofin gilas biyu. Ɗaya ruwan gishiri, ɗaya ruwa da ɗigon madara biyu ko uku. Ki kashe fitila, ki haska tocila ta gefen kowanne. A mai madarar za ki ga hanyar haske ta ratsa kamar sanda, irin yadda hasken rana ke bayyana ta taga idan ana shara. A mai gishirin ba za ki ga komai ba. John Tyndall ne ya yi bayanin wannan a ƙarni na 19, har abin yake ɗauke da sunansa. Ki kira maigida ya gani, don darasin da ke ciki shi ne gaba ɗayan abin da ya faru a gidanku: koloyid yana nuna kansa, narkakken haɗi ɓoye kansa yake. Ruwan soda ba launi, ba wari, ba kauri. Ko ni da na yi shekaru a ɗakin gwaji, in kika jera min gora biyu ba zan iya nuna ta sodar ba. To ina ga yaro ɗan shekara uku da ƙishirwa ta koro daga wasa? Bai yi ɓarna ba. Gorar ruwa ya gani, ruwa ya gani a ciki.

Saboda haka, in har Allah ya sa kin koma sana'ar nan, akwai abin da ba sassauci a kansa. Sinadari ba ya shiga gorar ruwa, ko kwalbar lemo, ko kofi, ko robar da aka taɓa cin abinci a ciki, ko na minti ɗaya ne. Wannan ya haɗa da kananzir da fiya-fiya, waɗanda su ma ta wannan hanya suke cin yara. Siririyar gorar ruwan sha ma ba ta jure soda, tana cin ta a hankali har ta fara yoyo. Ki nemi roba mai kauri mai murfin murɗawa, ki duba gindinta, za ki ga lamba a cikin ɗan alwatika: mai 2 ko mai 5 kike so. Ki rubuta GUBA a jiki da babban baƙi, da boko da ajami in akwai mai karanta shi a gidan. Kada soda ta taɓa tukunyar alminiyam, tana cin ta, tana kuma fitar da iskar haidirojin mai kama wuta. Kullum soda ake barbaɗawa a cikin ruwan sanyi kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a zuba ruwa a kan soda, domin narkewarta zafi take fitarwa sosai, har ta iya tafasa ta yi tsartuwa a fuska. A tsakar gida za ki yi, inda iska ke kaɗawa, da safar hannu ta roba doguwa da tabarau mai rufe gefe. Sannan wannan al'ada ta jiƙa soda a bar ta ta kwana, ba wani sirri a cikinta. Narkewa da hucewa kawai ake jira, kuma wannan ba ya wuce 'yan awoyi. Ki jiƙa daidai wadda za ki yi aiki da ita a ranar, ki tsaya a kanta ko ki kulle ta, kada a wayi gari da ragowa.

Bilic kuma, wanda ake kira Hypo ko Jik, kada ki kuskura ki haɗa shi da ruwan wanke masai ko da asid ɗin salfonik da kike sa wa sabulu. Iskar kilorin ce ke tashi, irin wadda aka yi yaƙi da ita a Turai a 1915. Mata da yawa suna yin wannan haɗin a banɗaki a rufe wai don ya fi fita, su fito suna tari hawaye na zuba, su ɗauka ƙarfin magani ne.

A narkakken haɗi, yawa ne ke raba magani da guba. Ruwan gishiri da sukari na gida, lita 1 ta ruwa ce, ƙaramin cokali 6 na sukari a shafe, rabin ƙaramin cokali na gishiri. Haka yake ceton ran yaro mai gudawa, amma a cika gishiri sai ya zama cuta. Ruwan da ake ƙarawa a asibiti, gishirinsa giram 9 ne a lita, ba ƙari ba ragi. To haka sabulunki. Daina awo da gwangwani da murfin kwalba. Ki sayi ƙaramin sikeli mai nuna giram, da takardar gwajin kaifi, wadda masu shagon sinadarai a Sabon Gari suka sani da takardar pH. Ma'auninta daga 0 ne zuwa 14, ruwa mai kyau yana kan 7, ruwan soda yana can wajen 13 zuwa 14. Sabulun ruwan da hannun mutane zai shiga ya tsaya kusa da 7, tsakanin 6 da 8. Idan ya haura sosai, akwai sodar da ba ta gama aiki ba, ita ce ke tsattsage hannun masu wanke-wanke. Fomalin da ake koya muku ku zuba don kada sabulu ya lalace, ki bar shi. Shi ne ruwan da ake adana gawa da shi, kuma hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sa sinadarin da ke cikinsa a jerin masu haddasa kansa.

Sai man da ya tsinke. Wannan ya fi sauƙi, kuma ba asiri aka yi miki ba, ba hannunki ne ba shi da kyau ba. Ruwa da mai ba sa shiri. Man shafawa mai ruwa koloyid ne: an farfasa mai zuwa ɗigo ƙanana an watsa shi cikin ruwa, kuma kullum ɗigon nan neman juna suke su koma gidansu. Ki tuna yadda Bafulatana ke kaɗa nono a gora har maiƙon ya dunƙule ya taso ya zama man shanu. Abin da take nema da gangan, shi ne ya same ki ba ki so. Haka mai awara take zuba ruwan tsami a madarar waken suya ta tsinke, haka ake jefa alam a ruwa mai laka dattin ya dunƙule ya kwanta. Tsinka koloyid abu ne mai sauƙi: tsami, gishiri, zafi, ko ƙarancin abin da ke riƙe shi.

Abin da ƙaro yake wa tawada, shi kakin haɗi yake wa man shafawa, wanda 'yan kasuwa ke kira iwaks. Kowace ƙwayarsa kai biyu gare ta, ɗaya na son mai, ɗaya na son ruwa, sai ta tsaya a tsakani ta riƙe hannun kowa. Sabulu ma da wannan dabarar yake cire maiƙo daga kwano. Zato na shi ne ɗaya daga abu uku ya faru. Ko kin rage kakin don ya yi tsada, ko kin zuba ruwa mai sanyi a kan mai mai zafi, ko kin daina juyawa tun bai huce ba. A kilo 1 na man shafawa, ki fara gwadawa da ruwa giram 700, mai giram 200, kaki giram 50, ragowar gilisarin da turare da abin hana lalacewa. Ki ɗora ruwan daban, man da kakin daban, kowanne ya kai wajen digiri 70 zuwa 75, sannan ki haɗa suna da zafi ɗaya. Ludayi ba zai farfasa ɗigon yadda ake so ba, ki samu ƙaramin injin markaɗe na hannu wanda ba za a sake girki da shi ba. Ki ci gaba da juyawa har ya huce, sai ya koma ɗumi-ɗumi ki sa turare da abin hana lalacewa. Ruwan kuma ya zama tatacce wanda aka tafasa, don ruwan rijiya da na burtsatse sau da yawa suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke dagula haɗi. Kafin ki cika robobi hamsin, ki yi ɗan kaɗan, ki zuba a kwalba mai haske, ki ajiye inda ɗakin ya fi zafi mako biyu. Wanda ya jure zafin Kano na watan Afrilu bai tsinke ba, ya cancanci kasuwa.

Wanda aka dawo miki da shi, ki zubar. Na san da ciwo. Amma man da ke da ruwa, ya tsinke, ya zaga gidaje yatsu sun shiga, ƙwayoyin cuta sun riga sun samu wurin zama ko da bai yi wari ba, kuma a jikin jarirai wasu za su shafa shi.

Masu cewa ki sa abin ƙara haske, ki ce musu ba kya yi, ki tsaya a nan. Abin da ake zubawa a irin waɗannan haɗe-haɗe sau da yawa shi ne haidirokwinon mai ɗashe launin fata, ko magungunan sitiroyid masu ƙarfi da likita kaɗai ya kamata ya rubuta, ko sinadarin makuri, wato zaiba, wanda NAFDAC ta haramta a kayan shafa. Man shafawa aikinsa ya kwanta a fata ya shige ta, don haka duk abin da aka ɓoye a cikinsa ya samu abin hawa. Fata ta yi siriri, jijiyoyi su fito, kunci ya yi baƙi-baƙi, ciwo ya ƙi warkewa, makuri kuma ya sauka a ƙoda, ya kai ga ɗan da ke ciki da wanda ke shan nono. Ke da kika ga abin da kurɓi ɗaya ya yi wa leɓen ɗanki, ba ke ce za ki sayar wa wata uwa abin da zai ci ta a ɓoye ba.

To, maigida. Ƙanwata, a wannan karon yana da gaskiya, kuma ina so ki fara yarda da haka a zuciyarki kafin ki buɗe baki. Mutum ya dawo gida ya tarar da ɗansa baki a kumbure, dole ya ce a rufe kasuwar. Ba ƙin ci gabanki yake ba, tsoro ne, irin wanda ke ma kike ji. Kada ki tayar da maganar sana'a yanzu, kada ki turo masa iyaye ko ƙawaye su roƙa. Yau maganarku ɗaya ce, asibiti, kuma ku tafi tare. Kafin ku fita, ki tattara duk sinadaran da ke gidan a gabansa, ki sa a akwatin ƙarfe, ki datse da kwaɗo, ki miƙa masa makullin. Ki ce masa kin yi kuskure, kin gane inda kuskuren yake. Wannan zai yi masa magana fiye da duk wani lallashi.

In yaro ya samu sauƙi, hankali ya kwanta, sai ki zo masa da tsari, ba da kuka ba. Ki nuna masa cewa akwai sana'ar da ba soda a cikinta ko kaɗan. Man kaɗe da aka narka aka buga da man kwakwa da ɗan turare, ba ruwa a ciki, ba ya tsinkewa irin wancan, ba ya buƙatar abin hana lalacewa, kuma da hunturu ba ya kwana a kasuwa. Ga man kitso, ga humra, ga turaren wuta, duk da su ma turarukan a kulle za su zauna. Ki fara da waɗannan ki riƙa zubin adashinki. Ki je wajen uwar adashi tun kafin ranar zubi ki gaya mata halin da ake ciki, in da hali a sassauta miki na wata ɗaya ko biyu. Sodar da asid ɗin da suka rage, ki tambayi mai shagon ko zai karɓa ko da ragi, ko ki sayar wa wata mai sana'ar da kika san tana da wurin ajiya, tare da gaya mata abin da ya same ki.

Idan daga baya ya ga sikeli, ya ga safar hannu da tabarau, ya ga littafin da kike rubuta awon kowane haɗi, ya amince ki koma sabulun ruwa a ranakun da yara ke makaranta, ko a wani wuri da ba gidan ba, to madalla. Idan kuma ya ce soda dai ba za ta sake kwana a gidansa ba, ki karɓa da hannu biyu. Ni ma da za a tambaye ni, gidan da ke da ɗan shekara uku, ɗaki biyu da kicin ɗaya, ba wurin ajiye soda ba ne.

Kafin ku isa asibiti kada ki matsa masa da tuwo, ki bar shi da abin da yake iya haɗiya. In kin ga yawu na dalala, ko yana sarƙewa da ruwa, ko zazzaɓi, ko numfashinsa ya sauya, ko da tsakar dare ne ku fita. Ranar da likita ya ce ku dawo, ku koma ko da yaron yana ta guje-gujensa. Ki sake rubuto min in kun dawo, in ji abin da aka ce, da ranar da ya fara cin tuwo. Ki gaida Hajiya da maigida. Allah ya ba shi lafiya.